Titin Teloli Na Birnin Landan, Inda Ake Ɗinka Kwat Har Jika Ya Gada

A unguwar Mayfair, can tsakiyar birnin Landan, akwai wani ɗan titi da ake kira Savile Row. Ba shi da tsawo, gama mai tafiya a ƙasa ba zai cika minti biyar ba ya ƙure shi, ba shi kuwa da hayaniya irin ta manyan titunan da ke kewaye da shi. Duk da haka, ko'ina ake sanya kwat a duniya an san sunansa, domin kusan shekara 180 ke nan sarakuna da shugabanni da manyan attajirai suna zuwa nan a auna su a yi musu ɗinki. Har ma ana cewa kalmar da mutanen Japan suke kiran kwat da ita, watau sebiro, daga sunan wannan titi ta samo asali.

Abin da ya sa ya kamata mai karatu ya san labarin titin a yanzu shi ne, duniya ta shiga wani hali game da tufafi. Ana ɗinka su fiye da kima, ana sayar da su da araha, ana yar da su tun ba su tsufa ba, har jujin waɗansu ƙasashe ya cika da tsumma. Telolin Savile Row kuwa suna cewa maganin wannan cuta yana hannunsu tun zamanin kakanninsu: a ɗinka kaɗan, a ɗinka mai ƙarko, in ya lalace a gyara. Gidan da labarinsa ya fi nuna yadda al'amarin yake shi ne na Henry Poole, wanda ake ɗauka shi ne uban titin.

Yadda Titin Yake

Baƙon da ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Piccadilly Circus, sai ya bi titin Regent cikin cinkoson masu saye da jajayen motocin safa masu bene. Ba zai yi nisa ba sai ya karya hagu ya shiga wani siririn titi mai suna Vigo, sa'an nan ya karya dama. Nan take hayaniya za ta ɗauke. A hannunsa na dama zai ga jerin tsofaffin gidaje na jan bulo masu hawa uku ko huɗu, kowanne da shingen baƙin ƙarfe a gabansa. In ya leƙa ta bayan shingen, zai hangi tagogin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, inda maɗinka maza da mata suke sunkuye bisa tebur, allura da zare a hannu, ko su ɗago kai su dubi mai wucewa.

An gina titin tsakanin 1731 da 1735 a filin wani basarake, mai sarautar Burlington, aka kuwa sa masa sunan matarsa, Dorothy Savile. Da fari hafsoshin soja da manyan gari ne suka zauna nan, daga baya likitoci suka biyo. Teloli sun fara ne da rakuɓewa a titunan maƙwabta don su yi kusa da masu kuɗi, kafin su shigo ciki.

Gida na farko, lamba 1, yana da tarihi da nahiyar Afirka. Daga 1870 har zuwa wajen 1912 nan ne hedkwatar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila, wadda ta riƙa tura Turawa masu yawon bincike zuwa ƙasashenmu. A nan aka ajiye gawar David Livingstone cikin 1874 kafin a kai shi kabari. Da ƙungiyar ta tashi, sai telolin Hawkes suka saye gidan, suka kuma haɗe da kamfanin Gieves a 1974. A kan rufin lamba 3 ne mawaƙan nan huɗu na Beatles suka yi wasansu na ƙarshe a bainar jama'a, ran 30 ga Janairu, 1969, har 'yan sanda suka hau suka tsayar da su. A lamba 10 akwai Dege & Skinner, waɗanda suka kafu a 1865 suka shahara da kayan soja. A lamba 11 akwai Huntsman, na 1849, inda kawunan manyan barewa biyu suke rataye a bango. Ana ba da labari cewa wani mai ɗinki ne ya bar su ajiya a 1921, ya ce zai je ya ci abinci ya komo, har yau bai komo ba. Gaba kaɗan, a lamba 15, sai gidan Poole.

Gidan Poole

Wanda ya kafa gidan shi ne James Poole, wanda ya buɗe kantin sayar da yadi a Landan cikin 1806. Zamanin yaƙe-yaƙen Napoliyon ne, sojoji suna bukatar kaya, sai ya juya ga ɗinkin rigunan hafsoshi. A 1828 ya koma titin Old Burlington, a wani gida wanda bayansa yake kallon Savile Row. Da ya rasu a 1846, ɗansa Henry ya gaji sana'ar, ya faɗaɗa gidan, ya mai da ƙofar baya ta zama babbar ƙofa. Tun daga ran nan sauran teloli suka yi ta biyo sahunsa.

Henry mutum ne mai son jama'a da dawaki, ya kuwa san yadda ake zama da manya. Shagonsa ya zama wurin hira ga 'ya'yan sarauta da ke zuwa bayan farauta ko sukuwa. Cikin masu zuwa har da wani ɗan sarautar Faransa da ke gudun hijira, wanda daga baya ya hau mulki ya zama Napoliyon na Uku, ya kuma ba gidan takardar amincewar fada a 1858. Ita ce ta fari cikin irinta kimanin 40 da gidan ya samu. Sarauniya Biktoriya ta ba da tata a 1869, Sarkin Habasha Haile Selassie a 1959, Sarauniya Elizabeth a 1976. A 1865 ne kuma Yarima mai jiran gadon Ingila ya sa aka ɗinka masa wata gajeriyar kwat ta siliki, shuɗiya, wadda zai riƙa sawa wajen cin abincin dare a gidansa na ƙauye. Gidan Poole yana cewa wannan ce mafarin baƙar kwat ɗin liyafa da ake gani yau ko'ina.

Amma fa ciniki da manya yana da nasa dafi. Henry ya riƙa ba da bashi ba iyaka, su kuwa manya ba su gaggawar biya. Ko da ya rasu a 1876, gidan yana gab da rushewa. Ɗan'uwansa Samuel Cundey ne ya tsaya ya cece shi, tun daga nan kuwa riƙon gidan yake hannun zuriyar Cundey. A farkon ƙarni na 20 sun kai teloli 300 da masu yanka 14, da rassa a Faris da Biyana da Balin. A 1961 aka tashe su, aka rushe tsohon ginin, suka yi zaman shekara 21 a titin Cork, kafin Angus Cundey ya komo da su Savile Row a 1982. Angus ya rasu a 2024, ɗansa Simon ne ke riƙe da gidan. Kyan ɗa dai ya gaji ubansa.

Dukiyar gidan da ta fi kowace daraja ita ce manyan kundayen ciniki fiye da 100, waɗanda aka fara rubutawa tun zamanin Henry. A ciki akwai sunan kowane mai ɗinki, da abin da aka yi masa, da kuɗin da aka yanka masa. Akwai marubucin nan Charles Dickens, akwai Winston Churchill wanda ya fara zuwa a 1905, akwai Janar de Gaulle na Faransa a 1940. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa kundin ya nuna Churchill ya bar bashin fam 197 bai biya ba. Bayan shekaru sun ci bangon kundayen, gidan ya sa gwanayen ɗinkin littafi suka sake ɗaure su. Ba don tarihi kaɗai ake adana irin waɗannan takardu ba. Su ne suke sa in jika ya shigo da kwat ɗin kakansa, a san irin yadin da aka yi ta da shi da kuma yadda aka yanka ta.

Daga Awo Zuwa Guga

Aikin yana somawa ne a ɗakin gaba, inda mai ɗinki zai zaɓi yadi cikin dubban samfura. Sa'an nan mai yanka ya zo da tef ya yi awo kusan 30, yana kuma lura da abin da tef ba ya faɗa: ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ko mutum yana da ranƙwafawa, ko tumbi ya soma fitowa. Daga wannan awo zai zana fasalin rigar bisa takarda mai kauri, ya yanke, ya rubuta sunan mai ita. Wannan takarda ta mutum ɗaya ce tak, ana kuwa rataye ta a ajiye, a riƙa gyara ta yayin da jikinsa ke sakewa. Sai a shimfiɗa ta bisa yadi, a bi da alli, a sa almakashi. Kwat da wando suna cin yadi wajen mita uku da rabi.

Daga nan sai a naɗe yankakken yadin tare da shafi da zare da maɓallan ƙaho, a sauka da shi ƙasa. A can kowa da fanninsa: mai kwat daban, mai wando daban, mai falmaran daban, mai ɗinka kafar maɓalli daban, mai guga daban. Sirrin kwat ɗin yana ciki, inda ido ba ya gani. Masana'antu suna manna yadin ƙirji da gam su danne da zafi cikin ƙiftawar ido. A nan kuwa wani yadi mai tauri ake sawa, wanda aka saƙa da gashin doki da lilin, a ɗinke shi da hannu, ɗinki bayan ɗinki, har ƙirjin ya ɗauki siffa. Gam yakan saki bayan 'yan shekaru, yadin ya yi ƙuraje, ba kuwa gyara. Ɗinkin hannu ana iya warware shi a sake.

Gwaji na fari da farin zare ake harhaɗa rigar, ɗinkin wucin gadi. Bayan mai ita ya sa an duba, sai a warware ta sarai, a shimfiɗa, a sake yanka inda ya kamata. Akan yi gwaji sau uku, aikin duka yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Ƙa'idar ƙungiyar telolin titin, wadda aka kafa a 2004, ita ce kada aikin hannun da ke cikin kwat da wando ya gaza awa 50.

Akwai kuma wata dabara wadda ita ce ginshiƙin maganar ƙarko. Mai yanka yakan bar rarar yadi a ɓoye cikin ɗinkin baya da na gefe da na ƙugun wando. In mutum ya yi ƙiba a buɗa, in ya rame a rage, in ya rasu a gyara wa ɗansa. Shafi in ya mutu a sake sabo, bakin hannu in ya goge a kalmashe shi, inda asu ya ci a saƙe ramin da zaren da aka zaro daga cikin rarar. Shi ya sa kusan kowane gida a titin yana da teburin gyara wanda ba ya rabuwa da aiki. A gidan Poole akwai ma sashe na musamman mai kula da kayan fadawa da masu tuƙa keken dokin sarki, jajaye masu zaren zinariya, waɗanda da yawansu tsofaffi ne da ake ta raya su.

Sarki Charles na Ingila yana cikin waɗanda suka riƙe wannan ɗabi'a. Tun yana Yarima an sha ɗaukar hotonsa da kwat mai faci. Ran bikin ɗansa Harry a 2018 kuwa, rigar da ya sa telolin Anderson & Sheppard ne suka ɗinka masa ita tun 1984, watau tana da shekara 34 a lokacin.

Tulin Tsumma

Don a gane muhimmancin wannan, sai a dubi abin da ke faruwa a sauran duniya. Wani rahoto da Gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa tufafin da ake ɗinkawa a duniya sun ninka sau biyu tsakanin 2000 da 2015, alhali kuwa yawan sawar da ake yi wa kowace riga kafin a yar ya ragu da kashi 36 cikin 100. Rahoton ya ce a kowace daƙiƙa ana zubar da tufafi cikin babbar motar shara guda a juji, ko a ƙone su, kuma abin da ake sake mai da shi sabuwar riga bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Yawancin kayan na yadin roba ne da ake samu daga man fetur, wanda ba ya ruɓa, in an wanke shi kuma yana sakin ɓurɓushi da ke bin ruwa har teku. Arahar kuwa akwai masu biyan ta da rayukansu. Ran 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladash, ya hallaka mutum fiye da 1,100, galibinsu mata masu ɗinka kayan manyan kantunan Turai da Amurka.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin abin da Turawa suka ture shi ne ake ɗaurewa dila dila a aiko Afirka ta Yamma da sunan gwanjo, Ingila kuwa tana cikin manyan masu aikowa. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akra, a Ghana, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ne ke shiga kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 ba su sayuwa, sai su ƙare a bola da magudanan ruwa da bakin teku. Ɗan kasuwa ya biya kuɗin dila bai ga cikinta ba, in ya buɗe ya tarar da tsumma, asarar tasa ce, sharar kuma ta garinsa. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye yawancin kasuwar, dubban mutane suka rasa jarinsu cikin dare ɗaya.

Wata ƙungiyar Ingila mai yaƙi da almubazzaranci, WRAP, ta lissafa a 2012 cewa in aka ƙara wa rayuwar riga wata tara kacal, ɓarnar da take yi wajen ruwa da hayaƙi da shara za ta ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. To, ina ga rigar da aka ƙara wa shekara 30? Nan ne hujjar telolin Savile Row take da ƙarfi. Ba su ɗinka riga sai an zo an ce a ɗinka, saboda haka ba su da kwantai. Yadinsu galibi ulu ne da lilin da auduga da siliki, waɗanda ƙasa takan cinye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tumaki A Tsakiyar Birni

Ulun kansa sai da aka yi masa gangami. Yadin roba ya karya darajarsa ƙwarai, har ya zama kuɗin da manomin Ingila yake samu daga gashin tunkiya ba ya biyan ladan mai askinta. Ganin haka, a 2010 Yarima Charles ya ƙaddamar da wani kamfe na farfaɗo da ulu, wanda ya haɗa makiyaya da masaƙa da teloli. A watan Oktoba na wannan shekara aka rufe Savile Row, aka hana mota shiga, aka shimfiɗa ciyawa daga wannan kai zuwa wancan, aka sako garken tumaki suna kiwo a ƙofar shaguna. An sake yin haka a Oktoban 2015. Mutanen birni, waɗanda da yawansu ba su taɓa tunanin inda yadi yake fitowa ba, suka yi ta tururuwa suna kallo.

Bayan titin akwai jerin masu sana'a da ke rayuwa da shi. Akwai masaƙun garin Huddersfield a lardin Yorkshire, masu saƙa lallausan ulu. Akwai masaƙar Fox Brothers a Somerset, wadda ta kafu tun 1772. Akwai kuma masaƙan tsibiran Hebrides, can arewa maso yammacin Sikotilan, masu yin yadin Harris Tweed, wanda wata dokar majalisa ta 1993 ta ce ba za a kira yadi da wannan suna ba sai in mutanen tsibiran ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu. In teloli suka rufe, waɗannan ma za su ji a jikinsu.

Masu Gadon Allura

Babban abin tsoro ga kowace sana'ar hannu shi ne gwanaye su tsufa ba magaji. Wannan ya kusa cin Savile Row a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, sa'ad da samari suka guje wa allura. Koyon ɗinkin kwat kaɗai yana cin shekara uku zuwa biyar a gaban maigida, yanka ma haka. Don haka ƙungiyar telolin ta mai da horon 'yan koyo babban aikinta, ta shirya musu jarrabawa da takardar shaida, ta kuma haɗa kai da kwalejin Newham ta gabashin Landan, inda ake koya wa matasa tushen aiki kafin su shiga shago. Duk bayan shekara biyu kuma ana yin gasar Almakashin Zinariya a zauren tsohuwar ƙungiyar teloli ta Merchant Taylors, wadda ta samu takardar sarki tun 1327.

Fuskokin titin ma sun sake. Andrew Ramroop, wanda ya zo daga tsibirin Tirinidad a 1970, ya mallaki gidan Maurice Sedwell a 1988, ya kuma buɗe makarantar koyon ɗinki a 2008. Ozwald Boateng, haifaffen Landan wanda iyayensa mutanen Ghana ne, ya buɗe shago a titin Vigo a 1995, ya shigo lamba 30 a 2007 da launuka masu haske waɗanda titin bai saba gani ba. Kathryn Sargent ta zama mace ta fari da ta riƙe shugabancin masu yanka a titin, a gidan Gieves & Hawkes, cikin 2009. Yau wanda ya leƙa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa zai ga matasa da yawa, mata kuwa ba kaɗan ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da wannan, titin bai tsira ba tukuna. A wajen 1950 gidajen ɗinki sun kai 40, amma a 2006 saura 19. Babbar matsala ita ce haya. Mayfair tana cikin unguwannin da suka fi tsada a duniya, mai gida kuwa ya fi son ya ba kamfanin kuɗi ko kantin kayan ƙawa, wanda zai biya ninkin abin da tela zai iya. Yawancin gidajen titin mallakar wani kamfanin filaye ne mai suna Pollen, wanda asusun man fetur na ƙasar Norwe ya sayi kashi 57.8 cikin 100 nasa a 2014 a kan fam miliyan 343. A 2016 hukumar gari ta Westminster ta ƙarfafa ƙa'idar da ta keɓe titin, don kada a mai da ɗakunan ɗinki su zama wani abu dabam. Ko sunan sana'ar ma bai tsira ba. A 2008 hukumar kula da tallace-tallace ta Ingila ta yanke cewa wani kamfani mai yanka da inji yana iya tallata kayansa da kalmar da telolin suke ɗauka tasu ce ta ɗinkin hannu.

Tsofaffin gidajen da aka sayar wa manyan kamfanoni sun ga tasku. Gidan Hardy Amies, wanda ya daɗe yana yi wa Sarauniya Elizabeth ɗinki, ya rufe ƙofarsa a 2019. Annobar korona ta 2020 ta hana teloli tafiye-tafiyen da suka saba yi zuwa Amurka da Japan don auna masu ɗinki, alhali kuwa daga waje cinikinsu mafi yawa yake zuwa. Gieves & Hawkes, wanda ya koma hannun wani kamfanin Honkon a 2012, ya shiga halin ƙaƙa-nika-yi da uwar kamfanin ta karye a 2021, sai a Nuwamban 2022 kamfanin Frasers ya saye shi. Abin lura shi ne, gidaje irin na Poole da Dege & Skinner, waɗanda suka zauna hannun iyali suka tsaya kan ɗinki, sun tsallake waɗannan shekaru da ƙafarsu.

Sa'an nan dole a faɗi ɗaya gefen. Kwat da wando a irin waɗannan gidaje sun haura fam 5,000, kuɗin da ma'aikacin Ingila ma sai ya yi watanni bai tara ba. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma wanda bai da shi ba zai bar iyalinsa tsirara ba don ya kare muhalli. Ulun ma ba tsarkakakke ba ne. Tumaki suna fitar da iskar da ke ƙara ɗumamar duniya, lallausan gashin kuwa galibi daga Ostareliya ake ɗauko shi, ya ƙetare teku kafin ya iso masaƙa. Attajirin da ke da kwat 40 a rataye kuma ba za a ce yana tattali ba. Abin da titin duka yake ɗinkawa a shekara bai kai cikin cokali ba in an gwada da abin da babbar masana'anta ɗaya take fitarwa a mako.

Saboda haka amfanin Savile Row ga duniya yana cikin abin da ya adana, watau sanin yadda ake yin riga wadda za a iya warwarewa a gyara. Barin rarar yadi cikin ɗinki, da ajiye awon mai kaya, da karɓar tsohuwar riga da hannu biyu, da zaunar da yaro shekara biyar har ya ƙware, babu ɗaya cikinsu da yake bukatar fam 5,000. Kowane tela a kowane gari yana iya yin su, in masu kawo ɗinki za su yi haƙuri su kuma biya ladan aiki. Ko wannan sani zai kai ga jikoki, ya rataya ne bisa abu biyu: kuɗin hayar da za a yanka wa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da yawan matasan da za su yarda su zauna a cikinsu.